Amsar wasiƙun manoma: haidiranjiya ta ƙi yin shuɗi

Wata Hajiya daga Rayfield a Jos ta rubuto cewa ta sayi haidiranjiya (hydrangea), wata shukar ado, mai shuɗin fure a bakin titi, da ta sake yin fure sai ga shi ruwan hoda. Ta feshe ta da magani iri biyu, ba canji. Ko mai furen ya cuce ta ne?

Hajiya, bai cuce ki ba, shukar ma lafiyarta ƙalau. Kuɗin feshin ne ya tafi a banza, kuma na gaji da ganin duk abin da ya samu shuka sai a ruga shagon magani. Launin furen nan daga ƙasa yake fitowa. In ƙasa na da tsami, ma'aunin pH bai kai 5.5 ba, saiwa takan sha sinadarin alminiyam, fure ya yi shuɗi. Da ya haura 6.5 shan ya tsaya, sai ruwan hoda. Ƙasar Filato yawanci mai tsami ce, to me ya kashe tsamin taki? Ki duba ko an zuba toka a gindinta don korar gara, ko kin dasa ta jikin katangar siminti. Takin NPK 15-15-15 ma da ake tula mata yana ɗaure alminiyam ɗin. Ki bar toka, ki rage takin. Ki niƙa alam ɗin da ake tace ruwa da shi, cokalin cin abinci ɗaya a lita 4, ki zuba sau ɗaya a wata bayan kin jiƙa ƙasar. Kada ki ƙara, yana ƙona saiwa. Furen da ya riga ya buɗe ba zai juya ba, sai na gaba. Mai farin fure kuwa, ko me aka zuba mata fari za ta yi.

Alhaji daga Gwarimpa a Abuja ya tambaya ko haidiranjiya za ta yi a can kamar yadda take yi a Jos. Alhaji, Jos na kan tudu kusan mita 1,200, shi ya sa take da sanyi, zafin Abuja na watan Maris kuwa ba wasa ba ne, don haka ka sa ta a tukunya inda hantsi kaɗai ke samunta.

Malam daga Bukuru ya ji wai ganyenta na maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata 'yar uwarta ce ta Asiya, Dichroa, da masu maganin gargajiya na Sin ke amfani da saiwarta, ita ma tana sa amai sosai. Taka ta gida ganyenta da guba. Kada ka dafa, kuma ka ɗaure awakinka nesa da ita.