An kore ni bayan na dawo daga jinya: ina da hakki?

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto cewa shekararsa 3 yana lodin kaya a wani kamfanin roba. An yi masa aikin ƙaba, ya yi mako uku a kwance, ya aika da takardar likita ta hannun abokin aikinsa. Ranar da ya koma, mai gadi ya tare shi a bakin get, aka ce an ɗauki wani a gurbinsa. Yanzu ana kiransa ya zo ya sa hannu a wata takarda a ba shi "ɗan abin sallama".

Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Kafin komai, kada ka sa hannu a wannan takarda sai wani mai sani ya karanta maka ita. Sau da yawa abin da ke ciki shi ne kai ka ajiye aiki da kanka, ko kuma ka karɓi duk hakkinka ba ka bin kowa. Na ga mutanen da suka rasa shari'a mai ƙarfi saboda sa hannu ɗaya da suka yi a tsaye, yunwa na cin gida.

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci irinka albashin kwana 12 na aiki a shekara idan ya kwanta rashin lafiya, muddin likita mai rajista ya tabbatar. Kwanakin da suka haura 12 dokar ba ta tilasta a biya ka su ba, sai in takardar ɗaukarka aiki ta ce a biya. Amma rashin biya daban, kora daban. Wanda ya kwanta da shaidar likita bai gudu daga aiki ba.

Sashe na 11 kuma ya ce wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 sai an ba shi notis na mako biyu a rubuce, ko kuɗin da ya maye gurbinsa. Sallama a bakin get ba notis ba ce.

A da, kotuna kan ce mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci ko ba dalili, in dai ya biya kuɗin notis. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sauya lissafin: sashe na 254C ya mayar da shari'un aiki hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ya kuma ba ta ikon duba ƙa'idojin aiki na duniya. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ba dalilin kora ba ne, kuma kotun ta sha dogara da wannan yarjejeniya. Sai dai in gaya maka gaskiya: a kamfani mai zaman kansa da wuya a mayar da mutum bakin aiki. Abin da za ka sa rai shi ne diyya.

Akwai abin da ban so ka manta ba. Idan likitanka ya tabbatar ɗaukar kaya mai nauyi ne ya jawo ƙabar, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shigo, kuma hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, ke kula da wannan. Ka tambayi likitan, ya rubuta.

Yanzu tattara katin asibiti, takardar sallama daga asibiti, katin shaidar aiki da alat ɗin albashi na banki. Roƙi abokin da ya kai takardar ya tsaya maka shaida. Rubuta wa kamfanin wasiƙa ka nemi dalilin korar a rubuce, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In sun yi shiru, kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, sukan kira ɓangarorin biyu sulhu. In ba ka da kuɗin lauya, ka fara da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kuma ka je cikin makon nan tun takardun asibitin suna hannunka.