Me ya sa ake rubuta IIII a fuskar agogo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi agogon bango mai lambobin Romawa, sai na ga IIII a wurin ƙarfe huɗu, alhali IV aka koya mana a makaranta. Kuskure ne, ko jabu aka sayar mini? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, agogonki lafiyarsa ƙalau. Romawa da kansu sun riƙa rubuta IIII. A kan wata ƙofar tsohon filin wasan Kolosiyom da ke Roma, LIIII aka sassaƙa a matsayin 54. Haka maƙera agogo suka gada, kuma har yau Rolex da Cartier suna bin wannan tsari.

Abin da ya raya al'adar, a ganinmu, ido ne. Dubi agogon: IIII yana daura da VIII, huɗu a dama, takwas a hagu. Dukansu faffaɗa ne, sai fuskar ta daidaita. Da IV aka sa, hagu sai ya rinjayi dama. Sannan lambobin sun kasu uku cif: huɗun farko I ne zalla, huɗun tsakiya da V, huɗun ƙarshe da X. Ga kuma sauƙin lissafi ga mai zuba lambobin ƙarfe: I guda 20, V guda 4, X guda 4, wato zubi huɗu iri ɗaya, kowanne da I biyar, V ɗaya, X ɗaya. Da IV kuwa, I 17 ne da V 5, ba sa rabuwa daidai.

Ba doka ba ce dai. Babban agogon majalisar dokokin Birtaniya a Landan, wanda ake kira Big Ben, da ya fara aiki a 1859, IV ne a fuskarsa. Tara kuwa IX ake rubutawa kusan ko'ina.

Tambaya: Ni mai zanen allo ne, an ba ni aikin fuskar agogo. Yaya zan jera lambobin? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Malam, fara da cibiya. Kafa ƙusa, ɗaura zare, ka zana da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ratar da ke tsakaninsu ita ce tsayin lambobin. Raba da'irar gida 12, kowane gida digiri 30.

A tsarin gargajiya ƙafar kowace lamba tana kallon cibiya, shi ya sa V, VI da VII ke bayyana a kife. Kada ka miƙar da su. A nan ma IIII yana da amfani, domin IV da kifaffen VI suna rikita mai kallo daga nesa.

Tsakiyar lambar ce za ta hau kan layin awa, ba harafin farko ba. Idan ka fara VIII daga kan layin, za ta zame ta matsi IX, hannun awa ya riƙa nuna gefe. Fara zana VIII da fensir, tunda ta fi kowacce faɗi, ka auna girman sauran da ita. Ƙafar hagu ta V ce mai kauri, ta dama siririya. A X, layin da ya sauko daga hagu zuwa dama ne mai kauri. Idan ka juya kwalin da ka yanke haruffan ta baya, kaurin zai koma ɗaya gefen, don haka sa alama a gabansa kafin ka ɗauki fenti.