Jakunkunan ruwa a hanta da huhun tunkiya

Ɗan'uwa, ka ce ka yanka tunkiya ka tarar da jakunkunan ruwa a hanta da huhu, alhali ba ka fashin ɗura wa garkenka maganin tsutsa, kana tambayar ina matsalar take. Na daɗe ina aikin duba nama a mayanka, abin nan na gan shi ba adadi.

Jakunkunan nan 'ya'yan wata tsila ne mai suna Echinococcus granulosus. Uwar ba a cikin tunkiya take ba, a hanjin kare take zaune, tsawonta bai kai santimita 1 ba. Kare ya yi kashi a makiyaya, tunkiya ta haɗiye ƙwan tsilar da ke cikin kashin tare da ciyawa, ya ƙyanƙyashe ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu. Maganin da kake ɗurawa tsutsar hanji yake kashewa, jakar da ta riga ta kafu kuwa tana nan daram.

In ka tsaga jakar a faranti, ruwa ne garau, a ƙasansa wani abu kamar yashi. Kowace ƙwayar yashin nan kan tsutsa ne, in kare ya ci sai ya zama uwar tsila a hanjinsa. Na sha ganin mahauci ya yanke wurin ya wurga wa kare, shi a ganinsa tsafta ya yi. Wallahi abin yana ci mini rai, domin da hannunsa ya shuka cutar a garken wani.

Kuma tsilar ba iri ɗaya ba ce. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun rarrabe ta: G1 ta tumaki ita ta fi yaɗuwa a duniya, ita ce kuma ta fi kama mutane, G6 an fi samunta a raƙuma da awaki, G5 a shanu, G4 a dawaki. Shi ya sa jakar G1 a jikin saniya sau da yawa fanko ce, a tunkiya kuwa cike take da kawuna.

Mutum ba daga naman yake ɗaukar wannan ba, daga kare ne: kashinsa, gashinsa, hannun da ba a wanke ba. Don haka ka ƙone hantar da huhun ko ka binne su da zurfi, ka nemi likitan dabbobi ya tsara wa karnukanka maganin tsila na praziquantel a kai a kai, har da na maƙwabtan da kuke kiwo tare.