Hajiya, awa 15 ɗin nan lissafin cikin iska ne kawai

Wata Hajiya mai shagon jakunkuna da takalman mata a Gusau ta turo min tambaya, ta ce ta tara miliyan 5, an ce mata Guanzu ta ƙasar Sin awa 15 ce kacal a jirgi, to ta je ta saro da kanta ko ta ci gaba da aika wa ɗan kamasho?

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Wanda ya ce miki awa 15 bai yi ƙarya ba, amma zaman cikin jirgi kawai ya ƙirga miki. Daga Kano zuwa Guanzu kusan kilomita 11,000 ne kuma babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, mutanenmu da yawa jirgin Ethiopian na ƙasar Habasha suke bi, Kano zuwa Adis Ababa wajen awa 5, a sauke ki ki zauna jiran wani jirgin, sannan Adis zuwa Guanzu awa 10 da 'yan kai. Kafin nan ma sai kin baro Gusau da safe kin bi ta Tsafe da Funtuwa, kin dai san ba a yin dare a hanyar nan, to yini guda ya tafi tun ba ki ga jirgi ba. Ga agogon ƙasar Sin ya riga namu da awa 7, ƙarfe 9 na safe ana buɗe kasuwa ke jikinki na cewa 2 na dare ne, wallahi ranar farko ko ciniki ba kya iya yi da kyau.

Yanzu ɗauko biro. Tikiti, biza, masauki, abinci, kuɗin tafinta, kusan duka da dala ake lissafinsu. Ki ƙara kwana goma ko sati biyu da shago zai yi a hannun yara. Jakar da jirgi ke ba ki kuma biyu ce, kilo 23 kowacce, takalmi ga nauyi, katan nawa ke nan? Sauran dole kago, in ta ruwa ne sai ya haura wata kafin ya iso Legas, kuɗinki na kwance.

Ni dai a ganina in kuɗin tafiya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na jari, ki haƙura tukuna, kuma a miliyan 5 zai wuce nesa ba kusa ba. Ku haɗu ku huɗu ko biyar masu irin kayanki, mutum ɗaya amintacce ya je, a raba kuɗin hanya, ya riƙa turo muku hoto da farashi ta WhatsApp kafin ya biya. In kun tashi kada ku saka tafiyar a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin sabuwar shekararsu ne masana'antu a rufe suke, Afrilu da Oktoba kuma babban baje kolin kayayyaki na Kanton da ake yi a Guanzu na sa masauki tsada.