Yaya, ga amsar tambayarka kan lambobin da muke musu a kansu ranar Asabar

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka ce duk Asabar ɗin da ka kira ni tsakanin Satumba da Nuwamba sai ka ji falo ya kaure da hayaniya, wannan na cewa "mu ne na ɗaya a tsaro," wancan na cewa "lambar banza ce." Ka kuma tambaya, cikin zolayarka da ka saba, ko mun bar Kano Pillars mun koma bin 'yan makaranta masu rungumar ƙwallo da hannu suna gudu. Ban iya ba ka amsa a waya ba, kati ma ba zai ɗauka ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

A nan Kolombas, babban birnin jihar Ohayo a Amurka, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta Jami'ar Jihar Ohayo ta fi ƙarfin a kira ta wasan ɗalibai. Filinta yana cin mutum sama da 100,000, kuma cika yake yi. Ranar wasa gari duk ya koma ja da ruwan toka. Mutanenmu masu tuƙa tasi da Uber sun fi kowa sanin jadawalin wasanni, domin cinikin ranar ya fi na sauran mako. Da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofar muka shiga: fasinja ya shigo yana zuba, kai ba ka san komai ba, ka ji kunya, ka fara koyo. Sauran kuma 'ya'yansu ne suka ja su. Yanzu in Asabar ta yi sai mu taru gidan ɗaya daga cikinmu, 'yan Najeriya, 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, a dafa shinkafa da wake ko a kawo waakye, a yi salla lokacin hutun rabin lokaci, a dawo a ci gaba da musu. Laƙabin ƙungiyar ma, Buckeyes, daga wani ɗan itace aka samo shi, mai kama da goro, sai dai shi guba ne, ba a ci. Wani dattijonmu ya ce tun daga nan ya gane al'amarin mutanen nan sai a hankali.

Wasan kansa ba wuya a taƙaice. Fili yadi 100 ne, yadin nan dai da ka sani na awon shadda. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10 gaba. In ta ci a sabunta mata, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga ta tsakanin turaku biyu ya sami 3. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, ba sa shiga fili tare. Shi ya sa kowace ƙungiya take da lamba biyu, ta hari da ta tsaro.

Abin da ya haifi musun shi ne rashin tebur irin wanda ka sani. A gasar Firimiya ta Ingila ƙungiya 20 ce, kowa ya kara da kowa gida da waje, wasa 38, a ƙarshe tebur ya raba gardama. A nan kuwa, a kakar 2024 ƙungiyoyi 134 ne a babban rukuni, kuma kowacce wasa 12 kacal take yi kafin a shiga wasannin ƙarshe. Yawancinsu ba za su taɓa haɗuwa ba. To yaya za ka ce wannan ta fi waccan? Dole a koma ga ƙuri'a da lissafi. Akwai jerin kamfanin dillancin labarai na AP, wanda aka fara tun 1936, inda 'yan jarida suke zaɓen ƙungiyoyi 25 mafi ƙarfi duk mako. Akwai kwamitin da yake fitar da nasa jerin daga farkon Nuwamba, kuma nasa ne ke yanke wanda zai shiga gasar cin kofi. Sannan akwai alƙaluma tsagwaronsu: maki nawa kake ci a kowane wasa, nawa ake cin ka, yadi nawa kake samu, nawa kake bari a samu a kanka, a jera ƙungiyoyin daga na 1 har na ƙarshe. Waɗannan su ne lambobin da kake ji ana jifan juna da su.

Bari in ba ka labarin kakar 2024, domin ita ce ta koya wa falonmu hankali. Wasanni biyar na farko ƙungiyarmu ta ci Akron 52 da 6, ta ci Jami'ar Yammacin Mishigan 56 da nema, ta ci Marshall 49 da 14, Jami'ar Jihar Mishigan 38 da 7, Ayowa 35 da 7. Ka tara da kanka: maki 230 muka ci, 34 aka ci mu. Wato muna zuba 46 a kowane wasa, ana samun ƙasa da 7 a kanmu. Samarinmu suka riƙa yawo da wayoyi suna nuna wa kowa cewa tsaronmu ba na biyunsa a duk Amurka.

Akwai wani dattijo ɗan Damagaram a cikinmu, tsohon mai son kokawa, da bai yarda ba. Tambaya ɗaya yake yi kullum: da wa aka yi? Ya ce ɗan kokawar da ya kayar da yara biyar a dandalin unguwa bai isa ya fara zancen takobin da ake ba zakaran kokawar Nijar ba. Kuma gaskiyarsa ce, domin uku na farkon nan ƙananan makarantu ne, waɗanda manyan jami'o'i ke biya kuɗi mai yawa, sau da yawa sama da dala miliyan ɗaya, su zo a buga da su a gida. Kowa ya san yadda za ta kaya tun kafin a fara. Su suna samun abin riƙe sashen wasanninsu, babba kuma ta sami nasara da kuɗin tikiti. Amma makin da aka ci a irin wannan wasa yana shiga lissafi daidai da wanda aka ci da gumi.

Ranar 12 ga Oktoba aka je Origon, daidai tsakiyar kaka. Ku a Kano dare ya riga ya raba lokacin da aka take wasan. Origon ta zuba mana 32, mu muna da 31. Abin da ƙungiyoyi biyar suka haɗu suka ci mu, saura maki biyu ita kaɗai ta kamo shi a dare ɗaya. A daƙiƙun ƙarshe mai jefa ƙwallonmu, Will Howard, ya ruga ya zame ƙasa yana neman a tsayar da agogo, ashe lokaci ya riga ya cika. Falo ya yi tsit. Ɗan Damagaram bai ce komai ba, shayinsa kawai ya ci gaba da sha, wanda ya fi magana ciwo.

Washegari sai musu ya juya. Waɗanda jiya suke ɗaga waya suka koma cewa tsaron nan fanko ne, a kori mai horar da masu tsaro. Ni a nan na rabu da su, kuma har yau ina kan bakana. Yadda wasa biyar da raunana ba su tabbatar da ƙarfi ba, haka wasa ɗaya da aka rasa da maki ɗaya, a gidan ƙungiyar da ba a ci ta ba har aka shiga gasar cin kofi, bai tabbatar da rauni ba. Ko bayan Origon, in ka raba 66 gida shida, 11 ne ake cin mu a wasa, wanda ba kowa ke samun irinsa ba.

Daga nan ne 'ya'yanmu masu karatun lissafi suka fara koya mana abin da ya kamata a duba. Na farko, a daina kallon jimillar yadi, a duba yadi nawa ake samu a kowane yunƙuri guda. Ƙungiya mai gaggawa tana iya yin yunƙuri da yawa ta tara yadi tuli, alhali mai natsuwa ta fi ta cin riba a kowane taku. Kamar mai shago ne da ya yi ciniki da yawa amma ribarsa ƙanƙanuwa. Sai kuma a cire abin da aka samu bayan wasa ya riga ya mutu, lokacin da aka fitar da manyan 'yan wasa aka zuba 'yan benci. Uwa uba, a auna kowace lamba da ƙarfin wanda aka yi da shi. Akwai ma'aunai da aka gina kan haka, irin SP+ na Bill Connelly da FPI na tashar ESPN. Ba na cewa na fahimci lissafin cikinsu, amma na gane tambayar ɗan Damagaram ce aka ɗora wa kwamfuta. Akwai wata lamba da ni ba na ba ta muhimmanci a tsakiyar kaka, wato yawan ƙwallon da aka ƙwace daga hannun abokan karawa. Ƙwallon nan ba zagayayye ba ne, in ya faɗi ƙasa ba wanda ya san inda zai nufa, rabin abin sa'a ce.

Don ka ga lamba tana iya yin ƙarya ta ɗaya ɓangaren, ga Ayowa a 2023. Masu harinta su ne na ƙarshe a duk rukunin wajen samun yadi, alhali tun kafin kakar jami'ar ta sa wa mai horar da su, Brian Ferentz, ɗan babban kocin, sharaɗin cin maki 25 a kowane wasa a kwantiraginsa. Ko kusa bai kai ba, aka kuma sanar tun kaka ba ta ƙare ba cewa ba zai dawo ba. Duk da haka ƙungiyar ta ci wasa 10, saboda tsaronta da iya buga ƙwallo nesa. Wanda ya kalli lambar hari kaɗai zai rantse ba su ci ko uku ba.

Mu koma ga namu. Bayan Origon aka sha da ƙyar a hannun Nebraska, 21 da 17, aka je aka ci Penn State 20 da 13. Da kwamiti ya fitar da jerinsa na farko ranar 5 ga Nuwamba, Origon ce ta 1, mu na 2. Sai ranar 30 ga Nuwamba Jami'ar Mishigan, ba ta Jihar Mishigan da muka ci a baya ba, ta zo gidanmu. Ka san gabar Pillars da Enyimba? Wannan ta fi ta zafi, domin a makon wasan har harafin M ake bi ana rufewa da jan tef a allunan jami'a. Mishigan ta zo da nasara shida da rashin nasara biyar, duk wani ma'auni ya ba mu wasan da tazara mai faɗi. Suka ci mu 13 da 10, karo na huɗu a jere. Ranar ba wanda ya taɓa abinci, matar gidan har ta yi fushi.

A tsohon tsari da shi ke nan an gama da mu. Amma a shekarar ce aka faɗaɗa gasar cin kofi daga ƙungiya 4 zuwa 12, muka shiga a matsayi na 8. Aka ci Tenesi 42 da 17. Ranar 1 ga Janairun 2025 aka sake haɗuwa da Origon a Kalifoniya, aka ci su 41 da 21, kuma sai da muka kai 34 kafin su ci ko ɗaya. Aka ci Teksas 28 da 14, sannan Notre Dame 34 da 23 a Atlanta ranar 20 ga Janairu, aka ɗauki kofi. Tsaron nan da aka ce fanko ne a Oktoba shi ya gama kaka a matsayi na ɗaya a ƙarancin makin da aka ci shi. Samari suka ce ai tun farko lambarsu gaskiya ta faɗa. Ɗan Damagaram ya ce a'a, a Oktoba ba su da hujja, a Janairu ne suka samu, dacewa kawai suka yi. Har yau ba a sasanta su ba, kuma in ka sake kira ranar Asabar wannan musun za ka ji.

Game da Pillars kuwa, ban bar ta ba. Ka aiko min da rigar bana in wani zai taho, babba, domin cimar ƙasar nan ta sa wadda ka aiko min a baya ta matse ni. A gaida Umma da su Yaya Babba.