Habu, ga dalilin da ya sa na cire waƙarka daga shirin Salonika

Salam Habu, na ga saƙonka. Kana tambaya me ya sa na cire waƙar da ka shimfiɗa a ƙarƙashin wajen gobara a shirin nan na tarihin Salonika, birnin nan na ƙasar Girka, alhali waƙar ta Girkawa ce kuma mai ban tausayi ce, har kana cewa ai masu sauraronmu ba jin Girkanci suke ba balle su gane. Toh ka nutsu ka karanta, don ba zan iya maimaita maka wannan a situdiyo ana ta shige da fice ba.

Kunnenka bai yi laifi ba, waƙar tana da daɗi wlh, ta Basilis Tsitsanis ce wadda yake maganar ranar Lahadi mai hadari. Matsalar shekara ce. An ɗauki waƙar nan a faifai a 1948, kuma abin da ya haife ta zaman mamayar Jamusawa ne lokacin yaƙin duniya na biyu, mutumin a Salonika ya yi waɗannan shekarun yana riƙe da ɗan shagonsa yana kiɗa da dare. Ita kuwa gobarar da muke magana 1917 aka yi ta, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, kaga shekara 31 kenan tsakani, kuma yawancin waɗanda gidajensu suka ƙone ranar nan ba ma Girkanci ne harshensu na gida ba. Ka ɗauki kukan wasu ka saka a bakin wasu, mai saurare ba zai sani ba tabbas, amma mu mun yi masa ƙarya da sauti kuma shi ya yarda da mu ne ya kunna rediyo.

Ka fara gane garin tukuna. Tashar jiragen ruwa ce a arewacin Girka ta yanzu, Turkawa suka riƙe ta tun 1430 har zuwa 1912 da sojan Girka suka shiga, a nan ma aka haifi Mustafa Kamal Ataturk wanda ya kafa Turkiyya ta zamani. Bayan an kori Yahudawa daga Sifen a 1492 da yawansu nan suka sauka, suka yi yawa har suka fi kowace ƙabila a garin, suna magana da wani tsohon Sifaniyanci nasu da ake ce wa Ladino, su ne ƴan dako su ne masunta su ne ƴan kasuwa, har ta kai ranar Asabar aikin tasha tsayawa yake cak saboda ranar hutunsu ce. Ga Musulmi da masallatansu ga Kiristoci da cocinsu, duk a cunkushe cikin lunguna masu gidajen katako. Sai kuma daga 1915 sojojin Faransa da na Ingila suka sauka a tashar suka cika bayan gari da sansani, cikinsu har da baƙaƙen fata da Faransa ta kwaso daga Afirka ta Yamma.

Ranar Asabar 18 ga Agusta 1917 da rana wuta ta tashi daga madafin wani ɗan gida na ƴan gudun hijira a unguwar Meblane, tartsatsi ne ya faɗa kan ciyawa. Af, na ga ka ja layi a rubutun inda wani waje aka ce 5 ga wata wani waje 18, kada ka gyara ko ɗaya da ka, duk daidai ne, Girka a lokacin tsohuwar kalanda take bi mai bambancin kwana 13, mu dai 18 za mu faɗa a shirin shikenan. Rani ne ba ruwan sama, iskar arewa da suke kira Bardaris tana kaɗawa, ruwan famfo kuma an karkatar da mai yawa zuwa sansanonin soja, motar kashe gobara ta kirki babu. Awa 32 tana ci. Gidaje wajen 9,500 suka tafi, mutum sama da 70,000 suka wayi gari ba wajen kwana kuma kusan 50,000 a cikinsu Yahudawa ne, majami'unsu sun ƙone, masallatai sun ƙone, babban cocin Dimitiriyos ma bai tsira ba. Wanda ya ga kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan gobarar 2016 zai ɗan hango abin, sai dai wannan ba shaguna kawai ba ne kusan kashi ɗaya cikin uku na gari ne.

Yanzu buɗe folda ta biyu a filashin da na ba ka, akwai waƙar Ladino a ciki wadda ka tsallake, na san dalili, muryar tsohuwa ce ba kiɗa mai nauyi kuma ga shuuu a bayanta. Ita ce ta wajen. Mai waƙar da ranar Asabar ta fara, ta faɗi lokacin da wuta ta tashi da unguwar, ta ce mai kuɗi da talaka yau duk sun zama ɗaya suna kwana a fili, har ta ce fushin Ubangiji ne saboda samari sun daina kiyaye Asabar, ta ambaci Dudular inda aka kafa musu tantuna a bayan gari. Kaga wannan ai shaida ce, ta gaya maka abin da takardar gwamnati ba za ta gaya maka ba, wato yadda su mutanen suka fassara abin da ya same su. Takarda za ta ce maka gwamnatin Benizelos, firaministan Girka na lokacin, ta hana kowa sake gini a filinsa sai an zana sabon tsari, aka ba wani Bafaranshe Ernest Hebrard aikin, ya fitar da manyan tituna da dandalin Aristotle da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto yanzu. Gaskiya ne kuma gari ya yi kyau, amma talakawan da ke tsakiyar gari ba su iya sayen filayen da aka yi gwanjonsu ba sai gefen gari aka tura su, wasu suka bar ƙasar gaba ɗaya. Ni a ganina in ka saka labarin Hebrard ba tare da muryar tsohuwar nan ba ka yi wa masu zanen taswira talla ne kawai.

Waƙa ta uku ta Turanci ce daga Kok ta ƙasar Ailan, ita ma ka ce mu cire ta tunda kiɗanta na raha ne bai dace da yaƙi ba. Ka sake saurara. Mace ce take cewa mijinta yana Salonika ko yana raye ko ya mutu ba ta sani ba, ana gugar zana tsakanin matan soja masu karɓar alawus da matan waɗanda suka ƙi zuwa yaƙi. Matar ba ta taɓa ganin garin ba, sunansa kawai ta sani saboda can aka kai mijinta, kuma sojan Ingila da ke can zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da su fiye da yadda harsashi ya yi. Rahar nan da kake ji haka mutane suke yi in abu ya fi ƙarfinsu, kar ka rage mata gudu don ta yi kama da makoki, na ga ka fara taɓa wajen. Wajenta shi ne inda mai gabatarwa yake maganar saukar sojoji a 1915, kafin wuta.

Taka waƙar kuma ba jefar da ita na yi ba, na matsar da ita can gaba. Bayan birnin Izmir na Turkiyya ya ƙone a 1922 aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, Musulmin Salonika suka koma Turkiyya, Kiristocin Turkiyya dubbai suka cika garin da kiɗansu da salon waƙarsu, daga nan ne kunnen garin ya canza. Jamusawa suka shiga a Afrilun 1941, daga Maris 1943 aka fara loda Yahudawan garin a taragon jirgin ƙasa zuwa Aushwiz, sansanin da Jamusawa ke hallaka su, sama da 45,000, kaɗan ƙwarai suka dawo, maƙabartarsu ma an rushe ta kuma a filinta jami'ar garin take zaune yau. Nan ne Tsitsanis zai shigo. Kamfanin faifai na Atina a rufe yake shekarun mamaya shi ya sa waƙoƙin lokacin sai bayan yaƙi aka ɗauke su, don haka in mai gabatarwa zai faɗi shekara ya ce an ɗauka a 1948, kar ya ce an rera a 1943.

Sai maganar gyaran sauti. Ka tura wa fayil ɗin tsohuwar nan abin cire hayaniya har ƙarshe, shuuu ɗin ya tafi amma muryar ta koma kamar mai magana daga cikin randa, duk kaifin haruffanta ya gudu. Ka koma kan na asali, ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa ɗaya-ɗaya ka bi su da hannu ka cire, shuuu ɗin ka rage kaɗan ka bar sauran, kunne yana sabawa da shi cikin daƙiƙa biyar kuma shi ne ke gaya wa mai saurare cewa abin ya daɗe. Kada ka shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa mai gabatarwa yana magana a kanta tun daga farko, ka bar ta ita kaɗai kamar daƙiƙa 20 a ji ta, sannan ka sauke ta a hankali ya shigo ya faɗi ma'anar da Hausa, kuma dan Allah kar ka yanke ta a tsakiyar baiti don kawai lokaci ya cika, ko ba ka jin harshen za ka ji inda ta ja numfashi, nan ake yanka.

Kowace waƙa ka rubuta min a takarda wa ya rera, da wane harshe, yaushe aka ɗauka, wa ke da haƙƙin faifan, don ta 1948 ɗin nan sai mun nemi izini kafin ta hau iska. Gobe ka zo kafin tara ka taho da hedifon ɗin da ka tafi da shi gida, daga wajen saukar sojoji za mu fara.