Wai da gaske baƙin akwati na tona asiri cikin kwana uku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani labari na karanta mai tsayar da numfashi, jirgin sama ya faɗi ba wanda ya tsira, sai wata jami'ar bincike ta ɗauko baƙin akwati ta saurara, kafin kwana uku ta gano bam ne har ta cafke mai laifin. Haka abin yake a zahiri ko marubucin ne ya ƙara gishiri?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Gishirin kam ya yi yawa. Na'urorin ma biyu ne, ɗaya na naɗar muryoyin matuƙa ɗaya na naɗar bayanan tafiya irin su gudu da nisa daga ƙasa, kuma kalar lemo ake musu don a hango su cikin tarkace. Samo su kaɗai wani lokacin aiki ne ja. Jirgin Air France 447 da ya taso daga Rio zuwa Paris ya faɗa tekun Atlantika a Yunin 2009 da mutum 228, ba a ciro na'urorin ba sai Mayun 2011, a zurfin kusan mita 4,000, rahoton ƙarshe kuma sai 2012. A nan aka tabbatar ƙanƙara ce ta toshe bututun auna gudu, matuƙan suka rikice.

Ni a ganina inda daɗin labarin yake marubutan nan ke tsallakewa, wato filin tarkacen. In ya watsu kilomitoci to jirgin tun a sama ya tarwatse, in kuma rami ɗaya ne duk ya dunƙule a ciki to da jikinsa ya doki ƙasa. Har ƙwan fitilar gargaɗi ana dubawa, don siririyar wayar ciki in tana da zafi lokacin karon miƙewa take, in a kashe take sai dai ta karye, daga nan fa ake gane me ke kunne a gaban matuƙi a sakan ɗin ƙarshe. Gawarwaki kuma da haƙora da zanen yatsa da DNA ake tantance su, ba da kallon fuska ba.

Batun cafke mutum kuwa, ba aikin masu binciken hatsari ba ne sam. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce nasu shi ne gano musabbabi don kar a maimaita, rahoton farko cikin kwana 30, in sun ga alamar bam sai 'yan sanda su shigo. Duba jirgin da bam ya tarwatsa a saman garin Lockerbie na Scotland a Disambar 1988, mutum 270 suka mutu, wani ɗan guntun allon lantarki na agogon tada bam da bai fi farce ba ya taimaka wurin kai bincike Libiya, amma hukunci bai zo ba sai Janairun 2001.